Usur ɗin Mushe Kyari

To, tunda kun ce ni zan yi magana, sai ku gyara zama, don ni ban iya gajarta zance ba, kuma marigayin ba ya nan balle ya busa mini usur in yi shiru.

Ai ka ji, har kun fara dariya. Duk wanda ya san Mushe Kyari, wato Malam Kyari, a Damagaram, usur ɗin nan ya fara sani. Na ƙarfe ne, ya yi tsatsa a gindi, yana rataye a wuyansa da igiyar fata wadda gumi ya mayar baƙa. Duk shekarun da ya yi yana koyar da wasanni a kolejinmu, sau ɗaya tak na ga wuyansa babu shi, kuma zan zo wurin. Da shi yake tashin yara, da shi yake korar awaki daga fili, da shi yake kiran mai shayi. Ranar sunan ɗansa na fari, maroƙi ya ja kirari ya ƙi tsayawa, sai muka ji fiiit! Kyari ya ɗaga hannu ya ce, "Lokaci ya cika, a kawo abinci." Matarsa Ya Falmata ga ta can cikin gida, ku tambaye ta in ƙarya nake. Ita ta gaya mini sau ɗaya ya taɓa busa mata. Ta ajiye muciya, ta dube shi ta ce, "Malam, in ka sake, a cikin miya za ka tsince shi." Daga ranar, in ya iso ƙofar gida sai ya cusa shi cikin riga.

Ga yaran yanzu da ba su san ni ba, ni ne Mushe Isufu, ni na koyar da lissafi a lakwal ɗin nan, makarantarmu ta kwana, lokacin da iyayenku ke yawo da gajeren wando. Ni Bafillace ne, shi Babarbare, kun ga kuwa tsakaninmu ba gaisuwa sai tsiya. In na shigo da safe sai ya ce, "Ga bawana ya iso, a ba shi nono ya yi shiru." Ni kuma in ce, "Sannu da aiki, malamin ƙafafu." Kuma ba wasa kaɗai nake yi ba. Har ga Allah a lokacin ina ganin aikinsa ba aiki ba ne. Yaro ya baro ƙauye, ubansa ya rasa mai taya shi noma, gwamnati ta ba shi gado da kwano, wai don ya zo ya yi ta bin fata mai iska a cikin rana? Na sha tsare shi a gaban mutane in ce, "Kyari, gaya mini amfanin ɗan ƙwallo guda ɗaya. Ɗaya tak."

Sai ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko akuya ba ka iya kamawa, ina za ka gane?"

Amsar da na samu ke nan shekara da shekaru.

Ƙwallo ɗaya gare shi a duniya, kuma wai mace ce, sunanta Hajiya, don ta girmi duk yaran da ke buga ta. Wanda ya harbe ta da ɗan yatsa sai ya zagaya fili sau biyar yana ba ta haƙuri. In ta fashe, Kyari ya saka ta a hammata ya nufi Birni wurin Tanko baduku. Shi kuma Tanko ba ya ɓata sabuwar fata a kanta, guntayen da suka rage daga matashi da jaka yake liƙa mata, nan ja, nan kore, nan rawaya. Wata rana na raka shi, Tanko ya jujjuya ta a hannu ya ce, "Mushe, wallahi babu sauran ƙwallo a jikin abin nan, duk faci ne. Ka bar ta ta huta."

Kyari ya ce, "Kai ma duk faci ne, an bar ka ka huta? Ɗinka."

Saboda yawan faci Hajiya ta daina tafiya miƙe. Ka buga ta gabas, ta yi ɗan nisa, sai ta canza ra'ayi ta karkata kudu. Yaranmu sun san halinta, baƙi kuwa sai su yi ta kai duka iska. Kyari ya ce wannan dabara ce, ba kowa ke ganewa ba. An taɓa aiko mana da sabuwar ƙwallo daga Yamai, fara fat, ya kulle ta a kabad ya ce sai ranar da Hajiya ta ce ta gaji. Ranar da ya ajiye aiki aka buɗe kabad ɗin, aka tarar gara ta riga mu buga wasa da ita.

Sai kuma maganarsa da kowa ya haddace. Kyari bai taɓa yarda an ci shi ba, ko sau ɗaya. Akwai ranar da sojojin bariki suka zo suka zuba mana bakwai, har mai tsaron gidanmu ya gaji da sunkuyo ya zauna. Na tare shi a bakin fili ina murna na ce, "Yau fa, Babarbare?"

Ya ce, "Ba a ci mu ba. Lokaci ne ya ƙare."

Na ce, "Bakwai da babu, Kyari. Ni malamin lissafi ne."

Ya ce, "Shi ya sa ba ka da abokai. Da an ƙara mana awa biyu da sun gani."

To, haka muke har shekarun fari suka zo. Waɗanda suka ga lokacin ba sai na yi musu bayani ba. Damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa ko ƙasan rumbu ba, ta bayanta ma haka. Mutanen daji suka yi ta shigowa gari, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suka kafa 'yan bukkoki na tsumma da kara a cikin duwatsun da ke bayan filin ƙwallonmu. Da rana ba ka jin motsinsu, ko kukan yara babu, kuma wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali. A lakwal kuwa tuwon gero ya ɓace, sai jar dawar taimako, ita ma kullum kwanon yana ƙara zurfi.

Rannan Dirakta ya tara mu a biro, wato ofishinsa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, ba ya son cutar kowa, amma buhunan da ke sito ba su san kirki ba. Ya ce dawar ba za ta kai mu ƙarshen shekara ba, dole a rage yaran da ke kwana a lakwal, a sallami goma sha biyu su koma gida. Su wa? Waɗanda makinsu ya fi ƙasa. Wa zai fitar da sunayen? Mushe Isufu, mai lissafi. Ni kuwa na zauna na ja layi da kyau, na rubuta su da rubutuna mai kyau ɗin nan. Da na gama na duba, tara daga cikinsu 'yan ƙwallon Kyari ne.

Bari in faɗi gaskiya tunda na tsufa. Na san abin da komawa gida ke nufi a shekarar nan. Na farko a takardar Habu ne, ɗan garin Droum, wanda ke buga mana gaba. Ubansa ya tafi Kano neman abin kai wa baki, ba a sake jin labarinsa ba, uwarsa tana can da ƙanana huɗu suna cin ganye. Yaron da aka mayar irin wannan gida ya gama karatu har abada, in ma ya rayu. Na sani sarai, amma na ɓuya a bayan maki, na ce ai ba ni na zaɓa ba, alƙalami ne.

Da aka sake taruwa na fara karanta sunayen, ban kai na huɗu ba sai fiiit! A cikin biro, a gaban Dirakta! Har alli ya faɗo daga tebur.

Dirakta ya ce, "Mushe Kyari, nan ba fili ba ne."

Kyari ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi keta, dole in busa. Yarana ne za a kora?"

"Yaron da bai ƙoshi ba ba ya gudu. Wasa ya tsaya sai Allah ya kawo sauƙi. Filin ma so nake a mai da shi lambu."

"Filina? Sai dai a fara shuka ni a ciki."

Dirakta ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kwantar da hankalinka, lambun ma ba zai yiwu ba. Bijimin san da ke ja mana ruwa a rijiya ya mutu tun makon jiya."

Kyari ya ce, "A ba ni zuwa ƙarshen wata." Dirakta ya ce ya ba shi, ina jin don dai a tashi taron lafiya.

Rijiyar lakwal tana ƙarshen fili, bayan raga ta yamma, kuma kun san rijiyoyin ƙasar nan, in ka leƙa sai ka ga duhu kafin ka ga ruwa. Ba a janta da hannu. Ana ɗora igiya a kan gungumen da ke bakin rijiya, a ɗaura wasaki, babban gugan fata ɗin nan, a ɗaya bakin kuma a ɗaura sa. San ya yi ta tafiya da igiyar har wasakin ya fito, mai tsaye a baki ya yi masa tsawa ya tsaya, a juye ruwa, ya dawo. Washegari da sassafe ina shigowa na ji usur. Na leƙa, me zan gani? Kyari a tsaye bakin rijiya, yara uku sun saɓa igiyar san a kafaɗa suna sheƙa gudu zuwa tsakiyar fili.

Na ce, "Subhanallahi! Kyari, 'ya'yan mutane ka mayar shanu?"

Ya ce, "Kai Bafillace, da shanu ne ai da ka fi kowa tausayinsu. Atisaye muke. Matsa."

Sai dai yaro ba sa ba ne, in ya ɗauki gudu ba ya son tsayawa. Jan farko suka wuce wuri, wasakin ya daki gungume, ruwan duka ya ƙare a kan Kyari, ya tsaya tsamo-tsamo yana tofar da laka. Na yi dariya har na riƙe ciki. Shi kuwa ya tara su ya ce, "Ku saurara da kyau. Ruwan nan ya fi jininku tsada. In kun ji usur, ko uwarku ce ke kiranku a gaba, ku tsaya cak, ku juyo." Kwana uku ya yi yana horar da su a kan wannan kaɗai. Fiiit, su tsaya, su juyo. Fiiit, su tsaya, su juyo. Har ta kai in ya busa wa akuya a can nesa, sai ka ga yaro a hanyar aji ya tsaya ya waiwayo.

Filin kuwa bai ba da ko taku ɗaya daga cikinsa ba. Gefe da gefe ya yarda a yi fangali, bayan layi, ya ce layi layi ne ko a shekarar yunwa. Aka shuka alayyafo da salad da yakuwa da ɗan wake. Sauran yara na ɗiba da bokiti suna bayi, 'yan ƙwallo na ja, safe da yamma, uku-uku. Ya je ya tsare masu dafa abinci ya ce ƙanzon tukunya na masu jan igiya ne, wanda ya taɓa shi zai gamu da shi. Kuma kullum da hantsi sai ga ƙwarya daga gidan Ya Falmata, wai furar Mushe ce. Ban taɓa ganin ya kai ta baki ba. Sai da na lura wandonsa ya fara zamewa har ya ɗaure shi da tsohuwar igiyar takalmi, sannan na gane inda furar ke zuwa. Na ce masa, "Ka rame, Babarbare." Ya ce, "Sauri nake ƙarawa."

Kafin wata ya ƙare ganye ya fara shiga tukunya. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma miya ta koma miya. Dirakta ya fara sassautowa, ni da kaina na ga alama, don ya daina tambayata takardar. Da Kyari ya iya yin shiru, da magana ta mutu a nan. Amma ina! A taron ƙarshen wata Dirakta ya ce, "Lambu dai ya yi kyau. Sai dai har yanzu ban ga abin da ƙwallo ta ƙara a ciki ba, ko wa aka ba igiya ai zai ja."

Kyari ya miƙe tsaye. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ture ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran Takieta za su zo ranar Asabar. In suka ci mu, ka sallami yarana, ba zan ce uffan ba."

Dirakta ya dube shi ya ce, "Kai ka faɗa."

Da muka fito na ce, "Kai wane irin mutum ne? An ba ka a hannu ka jefar!" Ya ce, "Ba a taɓa cin mu ba, yau za a fara?" Wallahi a ranar na ji kamar in shaƙe shi da igiyar usur ɗin. Kuma a ranar na gane ni ma ba na son yaran nan su tafi.

Asabar da la'asar fili ya cika. 'Yan gari sun zo, 'yan kasuwar Kano da ke Zango sun rufe rumfuna sun zo, har mutanen cikin duwatsu suka sauko a hankali, maza da mata da yara, suka zauna a bayan fangalin alayyafo ba mai cewa komai. Aka fara. Yaranmu ramammu ne amma wata guda suna jan wasaki, ƙafafunsu sun yi ƙarfi, baƙin suka rasa inda za su kama su. Sai dai ƙaddara, ana dab da hutun rabi Hajiya ta yi halinta a kan mai tsaron gidanmu, ya tare ta dama ta bi hagu. Ɗaya da babu.

Aka dawo, muka yi ta kai hari, abu ya ƙi. Ina tsaye da agogo a hannu, ni da ban taɓa kallon wasa har ƙarshe ba, ina ta addu'a. Saura kamar minti ɗaya sai ƙwallo ta faɗo gaban Habu a tsakiyar fili. Manjo Habu, ɗago kanka, kar ka ɓuya a bayan hula, kowa ya san kai ne! Yaron nan ya ɗauke ta, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, mai tsaron gidansu ya fito ya zame ya faɗi. Raga a buɗe, ba kowa, taku biyar ya rage. Fili duka ya miƙe. Shi kuwa Mushe Kyari daɗi ya kwashe shi, bai san sanda ya kai usur baki ba.

Fiiit!

Jama'a, Habu ya tsaya cak. Ya juyo. Ya kama gudu-gudu yana komowa wajen rijiya. Ba shi kaɗai ba, duk 'yan wasanmu suka juyo tare, har mai tsaron gida da ba inda za shi ya juya ya fuskanci raga. Hajiya kuwa ta ci gaba da gangarawa ita kaɗai, ta nufi tsakiyar raga tiryan-tiryan, muna ta ihu, sai da ta zo dab da layi ta tuna halinta, ta karkata ta wuce ta gefen ƙarfe ta shige cikin salad. Alƙalin wasa ya duba agogo ya tashi wasa.

Wuri ya yi tsit. Sai wani tsoho daga cikin mutanen duwatsu ya fashe da dariya. Dogo ne, Bafillace ɗan'uwana, ƙashi da fata, da sandarsa a kafaɗa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yana nuna Habu yana kwaikwayon yadda ya juyo. Daga nan abin ya kama kowa, mata na rufe baki da gyale, yaran da wata da watanni ba mu ji muryarsu ba suna birgima a ƙasa suna cewa fiiit, fiiit. Yaran Takieta da suka ci mu ma sun kasa tsayuwa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Na same shi zaune a bakin rijiya, ya cire usur daga wuya ya riƙe a hannu yana kallonsa. Ranar ce na ga wuyansa babu shi. Na matsa kusa da shi na ce, "Haba Babarbare, ai ba a ci ku ba, lokaci ne ya ƙare."

Bai ɗago ba. Ya ce, "An ci mu, Isufu. Ni na ci mu. Yaran nan sun yi abin da na koya musu."

Tunda muke bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsayawa a wurin.

Litinin da safe Dirakta ya aiko in zo da takardar. Na saka ta a aljihu na tafi. Ina shiga biro muka ji hayaniya wajen rijiya. Muka leƙa ta taga, sai ga mazan cikin duwatsu sun saɓa igiya tare da yaranmu suna ja, Habu na nuna musu inda ake tsayawa. Tsohon nan mai dariya ya hango mu, ya taho har bakin taga ya yi sallama. Hausarsa ba ta da yawa, sai ya juya Fillanci, ni na yi tafinta.

Ya ce a tambayi mai gidan yaushe za a sake irin na shekaranjiya.

Dirakta ya ce a gaya masa babu rana tukuna.

Tsohon ya ce, "Ka gaya masa ni garke gare ni, ba na iya ƙirga su sai dai in san su da fuska. Na ƙarshe ta faɗi a hanyar zuwa nan. Tun ranar jikokina ba su yi dariya ba, ba su yi wasa ba, sai su zauna su zuba mini ido. Shekaranjiya suka yi. Jiya sun ɗaure tsumma suna bugawa, ɗaya na busa kara, sauran na juyowa. Ba ni da abin da zan ba ku, hannu ne da ni, ga shi mun kawo. Amma ku bar mana yaran nan, musamman mai juyowar nan."

Ina fassarawa ina jin rabin maganar kamar da ni yake. Dirakta ya miƙo hannu ya ce, "Kawo takardar." Na ba shi. A kan teburinsa akwai ɗan kwano na irin kabeji da aka kawo don lambu. Ya shimfiɗa takardata mai kyan layi, ya zuba irin a kan sunayen, ya ƙunshe, ya miƙa wa tsohon ta taga ya ce a gaya masa su yi nasu fangalin a gefen arewa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Mushe Isufu, ga shi takardar ta tafi. Za ka iya sake rubuta ta?"

Ni da har yau in kun tsaya zan gaya wa kowannenku makin da ya ci a aji uku, na ce, "Ranka ya daɗe, na manta sunayen."

Ba mu ƙoshi ba a shekarar nan, kada in yi muku ƙarya. An ƙara ruwa a kunu, malamai ma mun rage namu kason, akwai ranakun da ganye ya fi tuwo yawa. Amma ba yaron da ya tafi. Ga Manjo Habu nan, malamin asibiti, rabin unguwar nan shi ya yi musu allura, har ni, kuma da gangan yake sa ta yi zafi saboda takardar nan. Ga Lawali da ya koyar a Damagaram Takaya har ya yi furfura. Wasu sun riga mu, Allah ya jiƙansu.

Da na je na gaya wa Kyari, bai ce na gode ba, kun san shi. Ya mayar da usur wuya, ya matso dab da kunnena ya busa har na ga taurari. Ya ce, "Kai ne mai cewa in gaya maka amfanin ɗan ƙwallo guda ɗaya?"

Na ce, "Ni ban ce komai ba yau."

Ya ce, "Madalla, bawa ya yi hankali."

Na ce, "To amma wasan Asabar fa? Da bakinka ka ce an ci ku."

Ya ce, "Ni? Yaushe? Kana da shaida? Lokaci ne ya ƙare."

Makon da zai rasu na je duba shi. Ya kwanta, ya zama ɗan kaɗan a kan gado, usur ɗin na kan ƙirjinsa. Na zauna ina ta yi masa surutu don kar in yi kuka, har na ga ya lallaɓa ya kai shi baki zai tsayar da ni. Iska ce kawai ta fito, babu sauti. Ya dube ni, na dube shi, sai na yi shiru da kaina, karo na farko a rayuwata ba tare da an tilasta mini ba. Ɗazu da na shiga yi wa Ya Falmata gaisuwa na ga ta rataye shi a ƙusa bakin ƙofar ɗaki. Ta ce mini, "Malam Isufu, gidan ya yi shiru da yawa. Da ma ya busa mini ko sau ɗaya ne, wallahi ba zan ce komai ba."

Ranar da muka kai shi, tsofaffin 'yan ƙwallonsa ne suka ɗauki makara, masu furfura da masu ciwon gwiwa, suka hana kowa taɓawa. Da aka gama rufe shi wani a bayana ya ce, "Ciwon nan dai ya ci Mushe." Ban san sanda na juya na ce masa, "Kai, gyara maganarka. Ba a ci shi ba. Lokaci ne ya ƙare."

Allah ya jiƙan Kyari, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya shayar da 'ya'yan mutane a shekarar ƙishirwa, Allah ya shayar da shi daga ruwan Aljanna. Allah ya ba Ya Falmata da yara haƙuri. Mu kuma da muka rage, in namu lokacin ya cika, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.